Yadda A Ke Ɗumama Cikin Ƙaramin Jirgin Sama

Mutumin Lafiya, in ka ce za ka koya masa yadda a ke ɗumama wuri, dariya zai yi maka, ya ce ai mu nan maganin zafi mu ke nema. Yana da gaskiyarsa, gama cikin watan Maris ko inuwar mangwaro ba ta cika yi wa mutum rana ba. Amma bisa kanmu, tazarar 'yan mil kaɗan, akwai sanyin da ya isa ya ƙanƙarar da ruwa da safiyar hunturu. Mu da ke ƙasa ba ruwanmu da shi. Matuƙin ƙaramin jirgin sama kuwa tilas ya san yadda zai yi da shi, in ba haka ba ya sha wuya, ko ma ya halaka wajen neman ɗumi.

Na zaɓi wannan magana domin shafinmu na ilmin kimiyya saboda dalili biyu. Na fari, kusan dukan abin da mu ke koya wa yara game da zafi da iska yana cikinta. Na biyu, gubar da ke kashe matuƙi a sama ita ce dai ta ke kashe mutane a ɗakunansu a garuruwanmu, sa'ad da suka kwana da kaskon gawayi ko janareto. Malamin da ya fahimci ɗaya ya fahimci ɗayar.

1. JIRGIN DA MUTUM KE HARHAƊAWA DA KANSA

Jirgin sama ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Ran 1 ga watan Nuwamba, 1925, jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka a Kano, sun taso daga Masar. Waɗannan ba su da rufi bisa kan matuƙi, saboda haka matuƙan zamanin su kan sa rigar fata mai kauri da safar hannu da tabarau, su yi ta haƙuri da iska. A 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya. Mu ma a 2022 aka buɗe filin jirgin sama a Kwandare, nan kusa da Lafiya.

Ba kowane jirgi ne a ke gamawa a masana'anta ba. A Amurka da Turai akwai mutane da yawa waɗanda su kan sayi gutsattsarin jirgi cikin akwatuna, tare da takardar zane, su yi shekara da shekaru suna harhaɗa shi a bayan gida. Ɗaya daga cikin irin waɗannan da suka yi suna shi ne RV-6A na kamfanin Van's Aircraft a jihar Oregon ta Amurka. Na mutum biyu ne, suna zaune kafaɗa da kafaɗa, jikinsa na alminiyam. Shi ne aka yi wa 'yan gyare-gyare aka harhaɗa a Kaduna, aka sa masa suna Air Beetle. Na farkonsa ya tashi a 1989, daga baya aka yi guda 60 domin koya wa mayaƙan saman Nijeriya tuƙi. Injinsa Lycoming ne mai ƙarfin doki 180.

Har ila yau a 2007 labari ya bazu duniya na wani ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da babura, ya sa masa injin motar Honda. Nasa bai wuce 'yan ƙafafu daga ƙasa ba, don haka maganar sanyi ba ta taso masa ba. Amma duk yaron da ya bi sawunsa, ranar da jirginsa ya yi nisa sama, zai tarar da wannan darasi yana jiransa.

2. ME YA SA SAMA TA FI ƘASA SANYI?

Yara su kan yi wannan tambaya, su ce, "Malam, ai wanda ya hau sama ya matsa kusa da rana, yaya kuma zai ji sanyi?" Tambaya ce mai kyau, kada a yi musu tsawa. Amsarta kashi uku ce.

Na ɗaya, nisan rana daga gare mu kimanin mil miliyan 93 ne. Wanda ya hau mil biyu bai rage kome ba a ciki, kamar mai niyyar tafiya Makka ne da ya ɗaga ƙafa ɗaya a ƙofar gidansa.

Na biyu, hasken rana ba ya dafa iska ƙwarai sa'ad da ya ke ratsa ta. Ƙasa ya ke dafawa, ita kuma ƙasa ta ɗumama iskar da ke kwance a kanta, kamar yadda tanda ke gasa waina. Iskar da ta fi kusa da tandar ita ta fi samu.

Na uku, iska tana da nauyi, ta sama tana danne ta ƙasa. In iska ta tashi sama, nauyin da ke kanta ya ragu, sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. Mai keke ya san wannan ko da bai san sunansa ba. In ya yi ta buga famfo, gindin famfon ya kan yi zafi domin an matse iska. In kuwa ya sassauta bawul, iskar da ke fita da sanyi ta ke fita domin ta sami sarari.

Masana sun auna, sun ga galibi kowace ƙafa 1,000 da aka hau, zafi ya kan ragu da kimanin digiri 2 a ma'aunin santigired. Wanda ya taɓa tafiya Jos ta Akwanga ya ji wannan a jikinsa. Lafiya ba ta kai ƙafa 1,000 bisa teku ba, Jos kuwa tana kimanin ƙafa 4,000. Shi ya sa da mota ta gama Hawan Kibo sai ka ga fasinjoji suna rufe gilashi, mata suna jan mayafi.

To, bari mu ce matuƙi ya tashi daga Lafiya da safiyar hunturu, ma'auni yana nuna digiri 18. Ga yadda lissafin zai tafi:

A ƙasa, digiri 18.
Ƙafa 3,000 bisa gari, digiri 12.
Ƙafa 6,000 bisa gari, digiri 6.
Ƙafa 9,000 bisa gari, digiri 0, watau inda ruwa ke ƙanƙara.

Wannan ƙiyasi ne na tsaka-tsaki. Wani lokaci da asuba iskar da ke kwance a ƙasa ta kan fi wadda ke bisanta kaɗan sanyi, sai rana ta ɗaga abin ya koma daidai. Amma in aka ci gaba da hawa, sanyi ne a gaba, ba makawa. Matuƙi kuma ba don sha'awa ya ke hawa ba. Duwatsun Shere na kusa da Jos sun kai kimanin ƙafa 6,000 bisa teku, mai ƙetare su tilas ya bar musu rata mai yawa. Ban da haka, iskar sama ta fi lafawa, ba ta jijjiga jirgi kamar ta ƙasa.

Sanyin nan ba rashin jin daɗi kaɗai ya ke kawowa ba. Jikin jirgin falle ɗaya ne na ƙarfe marar kauri, iska kuma tana kaɗa shi da gudun da ya haura mil 150 a awa, tana kutsawa ta kowace kafa. Yatsun da suka sandare ba su iya murɗa ƙananan maɓallai, mutumin da ke rawar ɗari ba ya lissafi daidai, numfashinsa kuma ya kan kwanta a gilashin gaba ya rufe masa gani.

3. INA ZA A SAMO ZAFIN?

Kafin a nemo abu, a san ko nawa a ke bukata. A ɗauki akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Iskar da ta cika shi a nan ƙasa nauyinta kimanin kilo 1.2 ne, a ƙafa 10,000 kuwa kimanin kilo 0.9. Domin a ƙara wa kilo ɗaya na iska zafin digiri ɗaya, a kan bukaci kimanin jul 1,000. In muna son cikin akwati biyu su shiga wa matuƙi kowane minti, an ƙara musu digiri 30, lissafin ke nan: 1.8 sau 30 sau 1,000, ya ba mu jul 54,000 a minti. A raba da 60, ya zama wat 900. Watau kusan abin da dutsen guga na lantarki ke ci.

Wani zai ce to, a sa masa abin ɗumama ɗaki na lantarki mana. Ba zai yiwu ba. Ɗan janareton da ke cajin batir a irin waɗannan jirage galibi amfiya 60 ya ke bayarwa a kan bolt 14, watau wat 840 gaba ɗaya, kuma a ciki rediyo da fitilu da sauran na'urori ke ci. Ko an ba ɗumi duka bai isa ba.

Amma a dubi injin. Mai ƙarfin doki 180 ya kan sha kimanin lita 35 na fetur a awa. Kowace lita tana ɗauke da kimanin jul miliyan 31. In an buga, wutar da ke ci cikin injin ta kai wajen wat 300,000. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke zama ƙarfin juya farfela. Sauran duk zafi ne da a ke zubarwa, kuma fiye da wat 100,000 na bin bututun hayaƙi yana fita. Abin da matuƙi ke nema bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba. Ashe ga dukiya tana zuba a banza, dabarar ɗibarta kawai a ke nema.

Sai dai akwai sharaɗi. Hayaƙin nan zafinsa ya kan haura digiri 700, kuma guba ne. Ana son zafinsa, ba a son shi. Tsofaffinmu sun san irin wannan dabara. Gadon ƙasa da a ke hura wuta ƙarƙashinsa da hunturu, mai kwanciya ba ya taɓa wutar, yumɓu ne ke karɓar zafi ya miƙa masa a hankali. A jirgi ƙarfen bututu ne ke yin aikin yumɓun.

A nan malami zai iya tuna wa yara hanyoyi uku da zafi ke tafiya. Yana bin cikin abu mai tauri, kamar cokalin da aka bari cikin shayi. Yana bin iska ko ruwa in suna motsi, kamar tururin tukunya. Yana kuma bugowa kai tsaye ba tare da ya bi kome ba, kamar hucin wutar maƙera a fuskar mai wucewa. Na fari shi ke fitar da zafi ta jikin bututu, na biyu shi ke kai shi ga ƙafafun matuƙi.

4. RIGAR SALANSA

Ga yadda a ke haɗa abin, daga gaba zuwa baya.

(a) Mashigar iska. A kan buɗe 'yar kafa a gaban injin, bayan farfela, inda gudun jirgi ke tura iska mai tsabta. Ba a bukatar fanka. Lalle ne kafar ta yi nesa da bakin bututun hayaƙi da duk inda mai ke ɗiga.

(b) Tiyo. Na roba ne mai jure zafi, da waya a naɗe cikinsa don kada ya lanƙwashe, galibi faɗinsa inci 2. A kan ɗaure bakinsa da maɗaurin ƙarfe, a kuma tallafe shi don kada ya riƙa gogar wani abu har ya huje.

(c) Riga. Falle ne na ƙarfe da a ke naɗe salansa ko wani sashi na bututun hayaƙi da shi, a bar sarari tsakani, a toshe bakinsa biyu, a bar ƙofar shiga da ta fita. Iska ta shiga da sanyi, ta zagaye bututu mai zafi, ta fita da ɗumi. Hayaƙi yana ciki, iska tana waje, ƙarfe ya raba su. Waɗansu su kan naɗa waya mai lanƙwasa a jikin bututun domin iska ta sami wuri mai yawa da za ta taɓa. Yawan iska ma sai an daidaita shi. In ta yi yawa, ta wuce da sauri ba ta ɗau zafi ba. In ta yi kaɗan, ta yi zafi ƙwarai amma ba ta isa kowa ba.

(d) Akwatin bawul. Tsakanin injin da wurin zaman mutane akwai bango na ƙarfen da ba ya tsatsa, an sa shi domin in wuta ta tashi a injin kada ta iso ga mutane da wuri. A jikin bangon nan, ta wajen injin, a ke kafa ɗan akwati mai marfi a ciki. Marfin yana da hanya biyu: ko ya tura iska mai ɗumi ciki, ko ya zubar da ita waje ta ƙarƙashin jirgi. A lura, ko matuƙi ba ya son ɗumi, ba a tsayar da iskar, juya ta a ke yi. In ta tsaya cik, bututun da ke cikin riga zai yi zafi fiye da kima ya lalace da wuri.

Akwai abin lura kuma game da ƙarfen akwatin. Alminiyam ba shi da nauyi, yana da sauƙin aiki, amma yana narkewa a digiri 660. Ƙarfen da ba ya tsatsa sai wajen digiri 1,400. Wanda ya huda bangon tsare wuta ya toshe hudar da alminiyam, ya yi wa wuta ƙofa ke nan. Araha ba ta ado.

(e) Maja. Waya ce mai tauri cikin kube, ɗaya bakin a jikin marfi, ɗaya a gaban matuƙi. In ya ja, ɗumi ya shigo, in ya tura, ya rufe. A tabbata tana rufe marfin ruf, gama ran da hayaƙi ya tashi, rufewar nan ita ce ceto.

(f) Mafita. A kan saki iskar wajen ƙafafu, domin iska mai ɗumi sama ta ke tashi da kanta. A kan kuma ja ɗan reshe zuwa gindin gilashin gaba don ya kore raɓa. Sa'an nan a bar wa tsohuwar iska hanyar fita ta baya, gama tulun da ya cika ba ya karɓar ruwa. A toshe kafofin da sanyi ke shigowa a gefen murfi da gindin fukafukai, in ba haka ba ana zuba ruwa a rariya ne.

In an gama, sai a auna nauyin abin da aka ƙara a rubuta, domin a jirgi kowane kilo da wurin da ya zauna abin lissafi ne. Ba a kuma tashi da shi sai wanda ya san aikin ya duba. A ƙasarmu hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, watau NCAA, ita ke da ikon cewa jirgi ya cancanci tashi.

5. WAƊANSU HANYOYI

Ba wannan ce kaɗai hanya ba, ko da ya ke ita ta fi yawa a jirage masu inji ɗaya. Injin da a ke sanyaya shi da ruwa, kamar na mota, a kan ja ruwan zafinsa zuwa ɗan ƙaramin lagireto a ciki, fanka ta hura iska ta cikinsa. Injin Rotax 912, wanda masu harhaɗa jirgi ke yawan sa wa, ruwa ne ke sanyaya kawunansa, don haka waɗansu su kan bi wannan hanya da shi. Ba ta haɗa iska da bututun hayaƙi, amma ta ƙara nauyi da wuraren da ruwa zai iya yoyo. Ƙananan jirage masu inji biyu, da ya ke injunansu suna can bisa fukafukai, da yawansu suna da ɗan murhu na musamman a hanci, mai cin fetur. Manyan jiragen fasinja kuwa, waɗanda ke tafiya sama da ƙafa 30,000 inda sanyi ke wuce digiri 40 ƙasa da sifiri, galibinsu suna ɗibar iskar da injin ya matse ne. Da ya ke matsewa ta sa ta yi zafi ƙwarai, kamar gindin famfon keke, sai an sanyaya ta tukuna a ke sakar wa fasinjoji.

6. GUBAR DA BA TA DA WARI

Yanzu mun zo ga abin da ya fi kome muhimmanci. Duk abin da ya ƙone ba tare da isasshiyar iska ba, ko fetur ne, ko gawayi, ko itace, yana fitar da wata iska da a ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Cikin jininmu akwai wani sinadari ja, himogulobin, aikinsa ɗaukar oksijin daga huhu zuwa ko'ina a jiki. Gubar nan tana kama shi da ƙarfin da ya fi na oksijin sau 200 da wani abu. In ta hau, ta hana oksijin wurin zama, mutum yana numfashi amma jikinsa yana shaƙewa.

Ƙarfen da ya raba hayaƙi da iskar matuƙi bai fi kaurin kwali ba. Kullum yana zafi yana hucewa, yana jijjiga, hayaƙi yana cinsa ta ciki. Wata rana sai ya tsage, galibi a bakin walda. Da ya ke hayaƙin da ke ciki ya fi iskar riga ƙarfin turi, shi ke fitowa ya gauraya da ita. Rigar kuma ta rufe tsagar, ido ba ya ganinta daga waje.

Alamun farko su ne ciwon kai, da jiri, da kasala, da tashin zuciya, da jin barci. Mugun abin shi ne gubar tana fara taɓa hankali, watau abin da mutum zai gane hatsari da shi. A sama kuma abin ya fi muni, gama a ƙafa 10,000 oksijin da ke shiga huhu a kowane numfashi kimanin kashi 7 ne cikin 10 na wanda a ke samu a bakin teku. Shi ya sa dokar ƙera jirage a Amurka ta ce kada gubar ta wuce kashi 1 cikin 20,000 na iskar da ke wurin zaman mutane.

Masu son ƙwallo za su tuna da Emiliano Sala, ɗan wasan Ajantina. Daren 21 ga watan Janairu, 2019, ya taso daga Nantes ta Faransa za shi Cardiff cikin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, kirar Piper Malibu. Jirgin ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Da aka auna jininsa, aka tarar gubar ta kama kashi 58 cikin 100 na himogulobin, alhali kuwa abin da ya haura 50 yana iya kisa. Masu binciken hatsarin jirage na Birtaniya, cikin rahotonsu na 2020, sun ce ga alama gubar ta taɓa matuƙin shi ma, kuma mai yiwuwa ta shigo ne daga lahani a bututun hayaƙi, ta bi hanyar ɗumama jirgin. Jirgin ba shi da na'urar da za ta yi musu ƙara ta gargaɗe su.

7. RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani, ga shi kuwa ba shi da tsada.

Na fari, a riƙa kwance rigar a duba bututun tsirara, aƙalla sau ɗaya a shekara, mai hankali ya fi haka. A nemi tsaga, da kumburi, da tabon toka-toka ko baƙi a cikin rigar, gama shi ne sawun hayaƙi.

Na biyu, a gwada shi yadda mai faci ke gwada robar taya. A toshe kafofinsa, a hura masa iska mai tsabta a hankali, a shafa ruwan sabulu. Inda kumfa ya taso, nan ne ɓarnar. Sashin da ya rube a sake shi, kada a yi ta faci bisa faci.

Na uku, a sa abin gano gubar a gaban matuƙi. Akwai ɗan kati mai ɗigo wanda ke yin duhu in gubar ta taɓa shi, amma yana tsufa, kuma sai an dube shi. Na batir mai ƙara ya fi, domin shi ke neman mutum.

Na huɗu, matuƙi ya haddace abin yi. In ya ji ciwon kai ko warin hayaƙi sa'ad da ɗumi ke buɗe, ya rufe ɗumin nan take, ya buɗe dukan kafofin iska mai sanyi, ya shaƙi oksijin in yana da shi, ya gaya wa masu hasumiya, ya sauka a fili mafi kusa, ya ga likita. Kada ya ce bari in ƙarasa, ai saura kaɗan. Gubar ba ta barin jini da wuri. A iskar sarari sai an yi awa 4 ko 5 kafin rabinta ya fita, da oksijin zalla kuwa awa ɗaya da 'yan mintoci.

8. ABIN DA YA SHAFE MU A GIDA

Kaɗan ne cikinmu za su tuƙa jirgi, amma dukanmu za mu koyar a garuruwan da a ke kwana da wuta. Da hunturu uwa ta kan shigo da kaskon garwashi ɗaki don tausayin yara, ta rufe ƙofa, ta toshe taga da tsumma. Maigida ya kan shigo da janareto zaure ko baranda don tsoron ɓarayi. Kowace shekara a kan ji labarin gidan da aka wayi gari ba wanda ya tashi, mutane su yi ta zargin abinci ko maƙiya, alhali kuwa iskar ɗakin ce.

Ƙa'idar ɗaya ce da ta jirgi: a karɓi zafi, a kori hayaƙi. Gawayi ya fi ruɗin mutane domin in ya yi ja ba ya hayaƙin da ido ke gani, sai a ɗauka ya zama lafiya, nan kuwa yana fitar da gubar. A ɗumama ɗaki da shi taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Janareto kuma a waje, nesa da ƙofa da taga, kamar ƙafa 20. In aka tarar da mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya duk suna kukan ciwon kai da jiri, a fitar da su sarari maza, a buɗe ko'ina, a kai su asibiti, a kuma gaya wa likita abin da ke ci a ɗakin.

9. YADDA ZA A KOYAR DA SHI

Gani ya kori ji. Ga gwaji huɗu da ba su bukatar kuɗi.

A tsoma cokalin ƙarfe da ludayin duma cikin ruwan zafi, yara su taɓa bakinsu bayan minti biyu, su faɗi wanda ya fi kai zafi.

A kawo keke aji, yaro ya buga famfo sau 30 ya taɓa gindinsa, sa'an nan a saki iskar a bayan hannunsa.

A lanƙwasa siririn bututun ƙarfe, a nutsar da tsakiyarsa cikin bokitin ruwan zafi, bakinsa biyu suna waje. A hura iska da famfo ta baki ɗaya, yara su tara hannu a ɗayan. Iska ta fito da ɗumi, ba ta jiƙe ba. Wannan ita ce rigar salansa, sai dai an juya ta, zafi a waje, iska a ciki.

A huda tsohuwar robar taya da allura, a hura ta, a ba yara su nemi hudar da ido. In sun gaza, a ba su ruwan sabulu.

Kada malami ya hura gawayi cikin aji don ya nuna gubar. Wannan bayani da baki ya isa, a kuma roƙi kowane yaro ya kai maganar gida ya gaya wa iyayensa tun kafin sanyi ya shigo.

TAMBAYOYI

1. Kawo dalili biyu da suka sa iskar sama ta fi ta ƙasa sanyi.
2. In ma'auni yana nuna digiri 24 a Lafiya, ƙafa nawa jirgi zai hau kafin ya kai inda ruwa ke ƙanƙara?
3. Me ya sa ba a ɗumama ƙaramin jirgi da lantarki? Nuna lissafinka.
4. Don me a ke zubar da iska mai ɗumi waje maimakon a tsayar da ita?
5. Zana rigar salansa, ka nuna hanyar hayaƙi da jan alli, hanyar iska da fari.
6. Rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga mai unguwarku, ka bayyana masa hatsarin kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, da abin da ya kamata a sanar wa jama'a.